Tarwada Za Ta Girma da Waken Suya da Ƙuli-ƙuli Zalla?

Tambaya: Ina kiwon tarwada a kwamin siminti da na tamfol a gefen Bukuru. Tsadar buhun abinci ta kusa korata daga sana'ar. An ce mini garin kifin da ake sawa cikin abincin ne ke jawo tsadar, kuma yin sa yana ƙarar da kifin teku, don haka gara in haɗa nawa da waken suya, ƙuli-ƙuli, masara da zogale zalla. Kifin zai girma kuwa? Kuma da gaske hakan ya fi zama alheri ga muhalli?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kawo sauƙi. Waɗanda suka ba ka shawarar sun faɗi gaskiya a kan garin kifi, sai dai sun bar ka a rabin hanya. Tarwada za ta ci abincin tsirrai, za ta kuma girma da shi idan an haɗa shi bisa ilimi. Batun muhalli kuwa, abu biyu ne za su yanke hukunci: yawan abin da kifin ya iya narkarwa ya mayar tsoka, da kuma inda ruwan kwaminka yake zuwa duk ranar da ka buɗe bututu. Abincin tsirrai da aka haɗa da ka yana iya ɓata rafin unguwarku fiye da buhun da kake gudu.

Bari in fara da inda suka yi daidai. Garin kifi ƙananan kifayen teku ne ake dafawa, a matse mansu, a busar, a niƙa. Sai an zuba kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 kimanin tan miliyan 17 aka mayar gari da mai. Ƙasar Peru ce ta fi kowa fitar da shi, kuma a 2023 da ruwan tekunsu ya yi ɗumi, gwamnati ta soke zangon kamu na farko a babban yankin kamunsu, farashi ya tashi a duk duniya. A shekarar ce kuma darajar naira ta faɗi. Waɗannan biyun ne suka haɗu a kan buhun da kake saye.

Abin da ya fi ci mini rai yana kusa da mu. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya an kakkafa masana'antun garin kifi, suna kwashe irin ƙananan kifayen da talaka ke saye, waɗanda mata ke bandawa su ci abinci da sana'ar. Rahoton da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce sama da tan 500,000 ake kwashewa a shekara, abin da zai ishi mutum miliyan 33, ana kaiwa Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Ɗauke kifi daga bakin mai ƙaramin ƙarfi don a ƙiba kifin da mai hali zai ci zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi. Mu ma a gida ba mu wanke hannu ba. Ƙananan kifayen tafkin Kainji da ake busarwa ana kaiwa kasuwar Yawuri, masu haɗa abincin kaji da na kifi suna sayen su, alhali kayan miya ne a gidaje da yawa.

Saboda haka rage garin kifi hanya ce mai kyau, kuma duniya ta daɗe da kama ta. A Norway, wajen 1990, kusan kashi 90 cikin 100 na abincin kifin salmon daga teku yake fitowa. Zuwa 2020 bai kai kashi 25 ba, sauran kusan duk tsirrai ne. A jihar Mississippi ta Amurka, irin tarwadar da suke kiwo tana ƙarasa girma a kan waken suya, masara, alkama da kek ɗin angurya, wato abin da ya rage bayan an cire mata mai, garin kifin kaɗan ne ko babu. Buhun da kake saye ma, in da za a buɗe maka lissafinsa, za ka tarar tsirrai sun fi yawa a ciki. Kamfanonin da ke yin sa, har da Grand Cereals da ke nan Jos, manyan masu sayen masara da waken suya ne. Bambancin shi ne su ba cire wannan su zuba wancan kawai suka yi ba. Shekaru aka kwashe ana gano abin da tsirrai suka rasa da abin da suke ɗauke da shi mai cutarwa, ana gyara ɗaya bayan ɗaya.

Ka dubi halittar kifin da kake kiwo. Tarwada a rafi ƙwari take ci, da ƙananan kifi, da dodon koɗi, da 'ya'yan kwaɗi, sai ɗan abin tsiro in ta samu. Hanjinta gajere ne. Karfasa kuwa hanjinta ya ninka tsawon jikinta sau da yawa, an halicce ta don cin gansakuka da ganye. Shi ya sa tarwada mai tasowa take son furotin kashi 35 zuwa 42 cikin 100 a abincinta, 'ya'yanta 45 ko fiye, karfasa kuma 28 zuwa 32 ya ishe ta. Masara furotin ɗinta 8 ne zuwa 9 kacal. Kek ɗin waken suya, wato abin da ya rage bayan kamfani ya cire mai, yana da 44 zuwa 48, ƙuli-ƙuli 40 zuwa 45, garin kifi mai kyau 65 zuwa 72. Ka ga tun daga nan, kai wa 40 da tsirrai zalla yana nufin cika abincin da wake da ƙuli-ƙuli har ya zama babu wurin sauran abubuwa.

Yawan furotin ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Furotin haɗi ne na sinadarai da ake kira amino asid, kuma guda 10 daga cikinsu jikin kifi ba ya iya ƙera su, dole ya samu a abinci. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, ginin tsoka yana tsayawa daidai inda wannan ɗayan ya ƙare, sauran kuma jiki ya ƙone su ya fitar da su cikin ruwa a matsayin amoniya. Waken suya yana da ƙarancin metiyonin. Ƙuli-ƙuli da masara da angurya suna da ƙarancin laisin. Garin kifi yana da su duka daidai gwargwado, abin da ya sa yake da tsada ke nan. Gyaran ba shi da wuya: ana sayar da laisin da metiyonin na gari a shagunan kayan abincin kaji, kuma kek ɗin riɗi, wanda ake samu daga Nasarawa da Binuwai, yana da metiyonin sosai, yana cike giɓin waken suya. Wanda bai san wannan ba zai ga kifinsa yana ci yana ƙoshi, sikeli kuma ba ya motsi.

Sannan kowace irin ƙwaya tana da makamin da take kare kanta da shi. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin. Zafi yana kashe shi, shi ya sa kek ɗin kamfani ba shi da wannan matsala. Idan da kanka za ka soya, sai ka sa ido: wake ya yi ruwan ƙasa mai haske, gafin ɗanyen wake ya fita, ƙamshinsa ya koma kamar na soyayyar gyaɗa. Ya wuce haka ya ƙone, laisin ɗin da kake taƙama da shi ya tafi. Angurya tana da guba mai suna gosifol, tana taɓa hanta da haihuwa, don haka kada ta kusanci iyayen da kake ajiyewa don ƙyanƙyasa, a sauran ma kada ta wuce kashi 10. Ɓawon rogo yana da gubar sayanaid sai an goge shi, an matse, an shanya ya bushe sarai. Zogale da ake ta yabo yana da furotin wajen kashi 25 a busasshen ganye, amma ɗacinsa da harzarsa suna rage wa kifi ci. Gwajin da aka yi a kan karfasa ya nuna in ya wuce kimanin kashi 10 girma yana ja baya, tarwada kuwa ba ta kai karfasa haƙuri da ganye ba. Ni dai ba na sa shi ya wuce kashi 5, kuma ina ɗaukar sa ƙarin bitamin ne kawai.

Wanda na fi jin tsoro a ƙasarmu shi ne fumfuna. Gyaɗa da masara da aka tara da laima suna fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ido ba ya gani, kuma dafuwa ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin garin gyaɗa, kuma a daidai wannan zamani aka yi ta ganin ciwon dajin hanta a kifayen kiwo a Amurka, aka bi sawu aka tarar da gubar a kek ɗin angurya. A tarwada, abin da za ka gani shi ne girma ya tsaya, hanta ta koɗe, ciwo kaɗan ya kwashe su. Sai mai kifi ya ruga ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ya zuba a ruwa, ruwan kuma ya bi kwata da maganin a ciki. Ƙuli-ƙulin da ya fi araha a kasuwa sau da yawa daga tsintar gyaɗa aka yi shi, wadda aka ware saboda ta lalace. Damina a Jos doguwa ce, hazo da laima ba sa barin kaya su bushe. Idan za ka sayi masara a Mangu ko Katako ko Saminaka, ka ɗiba daga tsakiyar buhu, ka shaƙa, ka ciza ka ji ta yi ƙaras. In ka sami manomin da ya yi amfani da Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage gubar tun daga gona, ka riƙe shi. Ka ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, kuma kada ka haɗa abincin da zai wuce mako biyu zuwa uku a ajiye.

Yanzu ga lissafin da nake so ka yi da kanka, don a nan amsar tambayarka ta biyu take. A ce kana son fitar da tan 1 na tarwada. Da abinci mai kyau mai tasowa saman ruwa, kilo 1.2 yana iya ba ka kilo 1 na kifi, wato za ka zuba kilo 1,200. In furotin ɗinsa kashi 40 ne, ka zuba furotin kilo 480, wanda naitirojin ɗin cikinsa, sinadarin nan da ke cikin takin zamani, ya kai kilo 77. Jikin kifin tan 1 yana riƙe kimanin kilo 26 ne kawai. Sauran kilo 51 suna cikin ruwa. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin ɗinsa kilo 23 ne, ke nan ka zubar da fiye da buhu biyu na taki. To, a ce ka haɗa naka na gida mai nutsewa, furotin kashi 35, bai narku sosai ba, sai ka zuba kilo 2 kafin ka sami kilo 1. Abinci kilo 2,000 ke nan, naitirojin kilo 112, kifi ya riƙe 26 ɗin nan dai, kilo 86 suka bi ruwa. Kusan buhu huɗu. Kifin ɗaya ne, nauyin ɗaya ne, ba ka taɓa kifin teku ko ɗaya ba, amma dattin da ka sakar wa maƙwabta ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Fosfarus, wani sinadarin da shi ma ke cikin abinci da taki, ya fi wannan rikici. Wajen kashi biyu cikin uku na fosfarus ɗin da ke cikin hatsi da wake a ɗaure yake cikin wani sinadari da hanjin kifi ba ya iya kwancewa. Kifi yana haɗiye shi ya kasayar da shi yadda yake, alhali ƙashinsa yana buƙata, dole ka ƙara masa wani daga shago ko daga garin ƙashi. Wanda ya fita da kashi kuwa ƙwayoyin halittar ruwa suna kwance shi a hankali, kuma a ruwan daɗi fosfarus shi ne abin da ya fi tayar da gansakuka. Ruwa ya yi kore shar, da rana yana cike da iskar oksijin, da asuba ta ƙare, kifi ya taso yana haki. Maganin wannan wani sinadari ne mai suna fitas, masu abincin kaji sun san shi, yana kwance fosfarus ɗin kifi ya amfana. Zafin injin da ke kumbura abinci yana kashe shi, sai dai a narka shi a fesa bayan ƙwayar abincin ta huce. Ƙari a kan haka, waken suya mai yawa yana sa kashin kifi ya yi ruwa-ruwa, ba ya kwanciya a ƙasan kwami balle a zuƙe shi, sai ya narke ya dagula ruwan.

Tarwada tana ɓoye duk wannan ɓarna saboda ƙarfin halinta. Tana da gaɓar da take shaƙar iska daga sama, tana rayuwa a ruwan da karfasa za ta mutu a cikinsa cikin dare ɗaya. Mai ita ba ya ganin gawa, sai dai ya ji wari, ya buɗe bututu ya sake ɗura sabon ruwa. Kowane canjin ruwa kuwa man janareto ne, kuma ruwan burtsatse ne da unguwa ke rabawa a lokacin rani. Gawar tana can ƙasa, a rafin da ruwan ya faɗa. Mu a Filato muna zaune ne a kan tudu, daga nan kogin Kaduna ya taso, daga nan Gongola, ruwan Dilimi kuma yana gangarawa har ya shiga kogin Jama'are. Babu wanda ke sama da mu da zai zubo mana datti, duk wanda ke ƙasa kuwa abin da muka sako yake sha. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi sun fi ban tsoro, domin yawancinsu masu zurfi ne kuma ruwansu ba ya gudu. Abin da ya shiga ya zauna ke nan, shekara da shekaru, ga masu lambu da makiyaya sun dogara da su. Duk mai tunanin sa kejin kifi a cikinsu ya riƙe wannan a ransa kafin ya zaɓi abinci.

Akwai kuma abin da littattafan da aka rubuta don Ibadan ko Fatakwal ba za su gaya maka ba, wato sanyin Jos. Muna sama da teku da kimanin mita 1,200. Tarwada ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, kuma in ya sauka wajen 20 cinta yana raguwa, narkarwarta tana yin sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kwamin tamfol a fili yana sauka ƙasa da haka da dare. Abinci mai nauyin narkewa a irin wannan ruwa asara ce biyu: kifi bai ci ba, wanda ya ci bai narkar ba. In abincin mai nutsewa ne, ba za ka ma ga abin da aka bari ba sai ya ruɓe. A hunturu ka rage yawan abin da kake zubawa, ka jira rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi, ka rufe kwami da leda da dare, kuma a wannan zangon ne ya fi dacewa ka kashe kuɗi a kan abinci mai kyau. Gwajin haɗin gida ka bar shi zuwa Maris da Afrilu.

Gonar da abincin ya fito daga ciki ita ma tana cikin lissafi. Idan kashi 35 na waɗancan kilo 1,200 kek ɗin waken suya ne, kilo 420 ke nan, wanda sai an matse wake sama da kilo 500 kafin a samu. Manominmu yana samun wajen tan 1 a hekta, wato rabin hekta don tan 1 na kifi, ban da filin masara. A Brazil, wadda ta fi kowa noman waken suya, an share dazuzzuka masu faɗi saboda shi, har a 2006 manyan 'yan kasuwa suka yi yarjejeniyar daina sayen wanda aka noma a sabon sharar dajin Amazon, sai matsin ya koma yankin Cerrado. Gaskiya kaji da aladu ne suka fi cinye wannan wake, rabon kifi kaɗan ne. Namu na Binuwai da Kaduna da Nasarawa da Neja labarinsa ya fi daɗi: yana ƙara wa ƙasa naitirojin, kuma juya shi da masara yana rage ƙuduji. In dai a tsohuwar gona aka noma shi, ba ni da ƙorafi. Damuwata ita ce waken nan shi ne awara da madarar yara, masarar nan ita ce tuwo, kuma masu kajin ƙwai da suka cika Jos su ma su suke nema. Zargin da muka yi wa masana'antun Muritaniya yana iya dawowa kanmu a ƙaramin sikeli, in muna zuba abincin mutane a ruwa rabinsa yana ruɓewa.

Shi ya sa na fi karkata ga abin da mutum ba ya ci. Dusar alkama da ta shinkafa da ta masara, kek ɗin da ya rage bayan an cire man girki, ɓawon rogon da aka sarrafa a madadin wani ɓangare na masara, duk waɗannan ba su buƙaci a share sabuwar gona ba. Kuma kada kalmar tsirrai ta rufe maka ido daga abin da ke zube a mahauta da wuraren yankan kaji. Kayan ciki da kawuna da jini, in an dafa su sosai an busar an niƙa, suna maye gurbin garin kifi fiye da kowane wake, sannan an ɗauke su daga kwata. Sharaɗin shi ne dafawa. Jefa ɗanyen hanji ko mushen kaza a kwami hanyar cuta ce ga kifi da mai ci. Tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja ita ma ta cancanci kulawa. Tana cin ruɓaɓɓen kabeji da tumatir irin wanda ake tarawa a kasuwar Farin Gada, ta mayar da shi furotin wajen kashi 40 a bushe, tarwada kuma tana rububinta. Tarayyar Turai ta halatta sa garin ƙwari a abincin kifi tun 2017. Aiki ne mai son haƙuri, kuma sanyin Jos yana rage mata saurin hayayyafa, amma ita ce hanyar da ta fi dacewa a mayar da ganye tsoka ta bakin tarwada.

Za ka ji ana cewa kifin da ya ci tsirrai ba shi da man nan mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Akwai gaskiya a ciki: masu bincike a Jami'ar Stirling sun nuna ya ragu da kusan rabi a salmon ɗin Scotland tsakanin 2006 da 2015. Kifin ruwan daɗi kamar tarwada da karfasa yana iya ƙera wani ɓangare na wannan mai daga man tsirrai da kansa, kuma dama ba a san shi da yawan wannan mai ba. Manja kaɗan yana yi wa tarwada kyau. Wannan kada ya hana ka barci.

In burinka kifi mai cin tsirrai ne tsakani da Allah, to a canza kifin ya fi a tilasta wa tarwada. Gonar kifi ta Panyam a ƙaramar hukumar Mangu, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950, da kifin da ake kira kaf (carp a Turance) aka san ta, wanda aka kawo daga Turai saboda yana jure sanyin tudu kuma yana rayuwa a kan dusa da abin da ke tsirowa a tafki. Karfasa a tafkin ƙasa da aka sa wa taki tana samun babban rabo na abincinta daga ruwan kansa, ko da yake ita ma hunturunmu yana takura mata. Na san amsar da za ka ba ni, cewa masu farfesu da masu gashi da masu banda tarwada suke nema, kifin kaf kuma ƙaya ta yi masa yawa. Haka ne, kasuwa ba ta jin wa'azi. Amma in kana da ɗan fili, ƙaramin tafkin karfasa a ƙasan kwamukanka, inda ruwan tarwada zai fara zuba, yana mayar da wani ɓangare na dattin kifi na biyu da za ka sayar.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. 'Ya'yan kifi, har su kai wajen giram 100, ka bar su a kan abincin kamfani. Abin da suke ci kaɗan ne, kuma wanda ya tsumbure a wannan mataki ba ya kamo 'yan'uwansa, sai ma manyan su cinye shi. Daga nan ka shigo da haɗin gida sannu a hankali cikin mako guda. Kek ɗin waken suya ya zama ginshiƙi, kashi 30 zuwa 40. Ƙuli-ƙuli mai tsabta ko riɗi kada su wuce 15. Masara ko rogo 20 zuwa 25, don su ne ke riƙe ƙwayar abincin. Sannan kashi 10 zuwa 15 daga dabba, ko garin kayan cikin kaji ko tsutsa ko ɗan garin kifi, wanda ko kashi 5 ne yana gyara ɗanɗano tarwada ta ci da marmari. Sauran wurin na dusa ne da mai, da laisin da metiyonin, da haɗin bitamin, da fitas. Niƙa ya yi laushi sosai. In da hali ka kai wa masu injin da ke dafa abinci da matsi ya fito a kumbure, domin dafuwar tana sa sitacin ya narku kuma abincin yana tasowa ka ga abin da aka ci. Ka ɗauki samfuri ka kai ɗakin gwaji a auna furotin ɗinsa, don kek ɗin kasuwa ana cakuɗa shi da dusa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa ta daɗe tana aiki a kan haɗa abinci da kayan gida, shawararsu ta fi ta mai shago.

Ruwan kwami kuma kada ya bi kwata. Ka haƙa ɗan rami ya fara kwantawa a ciki, laka ta zauna ka kwashe ta zuwa juji, ruwan sama ya wuce lambu. Buhu biyu na yuriyar nan da muka lissafa, masu kabeji da karas da dankalin turawa kuɗi suke biya su saya a lokacin rani. Ka zuba shi a gindin shuka, ba a kan ganyen da ake ci ɗanye kamar latas ba, kuma duk ranar da ka sa gishiri mai yawa ko magani a kwami, wannan ruwan kada ya je gona. In ba ka da lambu, maƙwabcinka mai noman rani zai karɓa da godiya.

Kafin ka juya dukan gonar, ka ware kwami biyu masu girma ɗaya, kifi adadi ɗaya daga ƙyanƙyasa ɗaya. Ɗaya ya ci na kamfani, ɗaya ya ci naka. Ka riƙa auna abincin da sikeli kana rubutawa kullum, ka ɗebi kifi ka auna duk mako biyu, ka kuma rubuta sau nawa ka canza ruwa a kowanne da man da ka ƙona. Bayan wata biyu ka raba kilon abinci da kilon da kifi ya ƙara, sannan ka ninka da kuɗin kilo ɗaya na kowane abinci. In naka ya wuce kilo 1.6 a kan kilo 1 na kifi, ko kwaminsa yana neman canjin ruwa fiye da ɗayan, ka fara duba niƙa da suyar waken, sannan metiyonin, kafin ka ƙara wani abu a haɗin.